Tarihin Mary Slessor, 'Yar Masaƙiya Daga Sikotlan

Kusan duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan ya taɓa jin sunan Mary Slessor, Baturiyar nan 'yar Mishan wadda ta zauna a ƙasar Kalaba, ta yi suna wajen ceton tagwaye. Amma mutane kaɗan ne suka san irin gidan da ta fito. Uwarta masaƙiya ce, ita ma saƙa ta koya, da ita kuma ta ci da gidansu. Daga cikin shekara 66 da ta yi a duniya, 27 na farko a Sikotlan ta yi su, fiye da 14 daga cikinsu kuwa a cikin masaƙa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka wanda yake son ya gane abin da matar nan ta aikata a Nijeriya, sai ya fara leƙa ɗakin da aka rene ta.

Gidan masu saƙa a zamanin Sarauniya Biktoriya

Mutumin Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu ba ya bukatar dogon bayani a kan gidan masu saƙa, domin Zamfara ƙasar auduga ce. A da mata su ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari. Maigida ya yi waɗari, ya zauna yana jefa ƙoshiya, yara kuwa suna naɗa zare a kwarkwaro. Kowa yana da nasa aiki, idan aka kai gwado kasuwa kuma kuɗin na gida duka ne.

Haka abin yake a Sikotlan, watau ƙasar da ke arewa da Ingila, sai dai su galibi da ulu da lilin suke aiki. Garuruwan kudu irin su Galashiels da Hawick sun shahara da ulu, matan lardin Aberdeen kuwa sun yi suna wajen kaɗin gashin tumaki da saƙar safa. A ƙarshen ƙarni na 18 masaƙin hannu mutum ne mai rufin asiri. Kayan saƙarsa suna cikin gidansa, matarsa tana naɗa masa zare, 'ya'yansa suna koyo a gefensa, shi ne kuma mai ikon lokacinsa.

Injin tururi ya rushe wannan tsari. Sa'ad da Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837, ladan masaƙin hannu ya riga ya faɗi ƙasa warwas, domin inji yana fitar da yadi da sauri da araha. Waɗansu suka bar ƙasar. A cikinsu har da wani masaƙin lilin na garin Dunfermline wanda ya kwashe iyalinsa zuwa Amurka a 1848, ɗansa Andrew Carnegie kuwa daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya. Waɗanda suka rage suka bi aikin zuwa manyan masaƙu na birni. Masu masaƙun nan kuwa sun fi son mata da yara, saboda ladansu bai kai na namiji ba. Da haka gidan ya juye: uwa da 'ya'ya mata su fita tun da asuba, uba kuwa sau da yawa ba shi da tsayayyen aiki.

Haihuwa da ƙaura

A cikin shekarar nan ta 1848, ran 2 ga Disamba, aka haifi Mary a unguwar Gilcomston ta birnin Aberdeen. Ita ce ta biyu a cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta, Robert Slessor, mai ɗinkin takalma ne daga yankin Buchan. Uwarta, wadda ita ma sunanta Mary, mutuniyar garin Oldmeldrum ce, gwanar saƙa, mai riƙo da addininta na Kirista ƙwarai. Da gidan ya zauna lafiya, amma uban ya faɗa shan giya har sana'arsa ta gagare shi. A 1859 suka tattara suka koma Dundee, da fatan ko canjin wuri ya kawo canjin hali.

Dundee a lokacin tana cika tana batsewa. Mutanenta kimanin 26,000 ne a 1801, amma kafin 1901 sun wuce 160,000. Abin da ya jawo su shi ne saƙar lilin da kuma jut, wata irin rama da ake nomawa a Bengal ta ƙasar Indiya, danginta ɗaya da lalo. Da ita ake yin buhun algarara irin wanda aka riƙa ɗura gyaɗa a ciki a nan Arewa. A shekarun 1830 mutanen Dundee suka gano cewa idan an jiƙa ta da man babban kifin teku sai ta yi laushi har inji ya iya kaɗa ta. Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, suka ƙara buɗe kasuwar buhu da tanti da tamfal.

Arzikin ya shigo birnin, amma bai shiga ɗakin ma'aikata ba. Iyalin Slessor ɗaki guda suka samu a unguwar talakawa, nan girki, nan kwana, ruwa kuwa sai an fita an ɗebo. Uban ya kama aikin lebura a masaƙa, abin da ya samu yana ƙarewa a mashaya. Ganin haka uwar ta ɗaura ɗamara ta shiga masaƙa ita ma. Cuta ba ta bar su ba. Wan Mary, Robert, ya rasu yana yaro, waɗansu ƙananan ma suka bi shi, har aka bar su huɗu: Mary, da Susan, da John, da Janie.

Rabin yini aiki, rabin yini makaranta

Mary tana da shekara 11 aka kai ta masaƙar Baxter Brothers, wadda take cikin mafiya girma a duniya wajen saƙar lilin a zamanin. A nan ne wata doka ta yi mata rana. A 1833 Majalisar Dokokin Biritaniya ta kafa dokar masaƙu, ta kuma naɗa sufetoci huɗu su riƙa zagayawa suna duba ko ana bin ta. A 1844 aka ƙara mata ƙarfi: yaro mai shekara 8 zuwa 13 ba zai yi aikin da ya wuce awa shida da rabi a yini ba, kuma dole ne ya sami wajen awa uku na makaranta. Kamfanin Baxter yana da makarantarsa, saboda haka Mary ta riƙa yin rabin yini a cikin ƙura da ƙarar inji, rabin yini a aji. Dokar tilasta wa dukan yaran Sikotlan zuwa makaranta ba ta zo ba sai 1872, sa'ad da Mary ta riga ta girma. Ba domin tsarin rabin yinin nan ba, da wuya yarinya irinta ta sami karatun kirki.

Da ta kai shekara 14 sai ta zama cikakkiyar ma'aikaciya. Takan tashi da ƙarfe biyar na asuba ta taya uwarta aikin gida, ta shiga masaƙa ƙarfe shida, ba ta fita sai shida na yamma, ban da ɗan hutun cin abinci. Ta ƙware har ladanta ya zama babban ginshiƙin gidan. Duk da gajiya ba ta saki karatu ba. Da dare takan je makarantar yamma, da rana kuwa takan jingina littafi a jikin inji ta riƙa satar kallo, yadda David Livingstone ya yi a masaƙar auduga ta Blantyre tun kafin a haife ta.

Daren Asabar

Abin da ya fi aiki wuya shi ne daren Asabar, ranar biyan lada. Uwar takan kwantar da ƙananan yara da wuri, ita da Mary su zauna suna ɗinki suna jiran takun uban a bakin ƙofa. Idan ya shigo a buge yakan watsar da abincin da aka ajiye masa, wani lokaci kuma ya kori Mary waje cikin sanyi, ta yi ta yawo a titi har ya yi barci. Sau da yawa uwar takan ƙunshe ɗan abin da suka mallaka ta aiki Mary gidan jingina a ɓoye, domin a sami kuɗin haya da na abinci. Ran Lahadi kuwa su yi wanka su sa tufafi masu tsabta su tafi coci, babu wanda ya san abin da ya faru jiya. Uwar ta tsaya a kan rufin asirin gidanta har uban ya mutu. Ɗan'uwansu John, wanda ya koyi ƙira, ya kamu da ciwon ƙirji, aka tura shi New Zealand neman lafiya, ya rasu jim kaɗan bayan saukarsa. Gidan ya koma na mata zalla, Mary ce kuma maigida.

A cikin wannan hali ta fara koyar da yaran titi a wata 'yar makarantar cocinsu, a unguwar da ko maza suna shakkar shiga da dare. Wata rana gungun samari suka tare ta, babbansu yana juya dunƙulen dalma a bakin igiya, yana matso da shi kusa da kanta har ya shafi goshinta. Ba ta motsa ba. Yaron ya yar da igiyar, shi da abokansa suka bi ta aji. Yarinyar da ta saba tsayawa gaban ubanta a buge, ɗan iska da dalma ba zai girgiza ta ba.

Tafiya Kalaba

Cocinsu yana da Mishan a Kalaba tun 1846, wanda Hope Waddell ya kafa, uwar Mary kuwa ta saba karanta wa 'ya'yanta labarinsa a cikin mujallar coci. Burinta ɗaya daga cikin 'ya'yanta maza ya tafi can, sai ga shi duka biyu sun mutu. Da labarin mutuwar Livingstone ya iso Biritaniya a 1874, Mary ta yi shawara da uwarta, ta nemi a aike ta. Ta yi 'yan watanni tana samun horon koyarwa a Edinburgh, sa'an nan ran 5 ga Agusta 1876 ta shiga jirgin ruwa mai suna Ethiopia. A cikin kayan da jirgin ya ɗauko har da tarin gangunan barasa, domin a zamanin fataken Turawa suna musayar barasa da manja a gaɓar teku. Abin da ya lalata gidan ubanta shi ne ya rako ta Afirka. A watan Satumba ta sauka a Duke Town.

Albashinta fam 60 ne a shekara, ga uwa da ƙanne biyu a gida suna dubanta. Ta duƙufa ga harshen Efik har ta iya shi kamar 'yar gari. Zazzaɓin cizon sauro ya mai da ita gida a 1879, ta yi amfani da hutun ta fitar da iyalinta daga cunkoson Dundee zuwa Downfield, wani ƙauye a gefen birni. Da ta dawo a 1880 aka ba ta Old Town, inda ta zauna ita kaɗai. A nan ta bar abincin gwangwani mai tsada na Turawa, ta koma cin doya da ayaba da kifi da manja, domin ta riƙa aika yawancin albashinta gida. Talaucin gidansu ne ya fara sa ta zaman irin na mutanen ƙasa, wannan zama kuwa shi ya buɗe mata ƙofofin da suka gagari sauran 'yan Mishan.

A 1883 ta sake komawa gida ba lafiya, tana ɗauke da wata jaririya 'yar tagwaye da ta ceta, wadda ta raɗa wa sunan ƙanwarta Janie. Ta tarar da ƙanwar tana fama da tarin fuka, ta ɗauke ta zuwa Topsham a kudancin Ingila, inda sanyi bai kai na Sikotlan ba. Ana cikin haka Susan ta rasu farat ɗaya. A ƙarshen 1885 Mary ta koma Kalaba da yardar uwarta. Ba a jima ba wasiƙa ta zo cewa uwar ta rasu, bayan wata uku kuma Janie ta bi ta. A 1886, tana da shekara 37, babu sauran kowa daga ɗakin nan na Dundee sai ita.

Okoyong da kotu

Da ba ta da sauran wanda zai damu da ita a gida, sai ta matsa a bar ta ta shiga cikin ƙasa. A watan Agusta 1888 ta tare a Ekenge ta ƙasar Okoyong, tare da yara biyar da take riƙo. Mutanen wurin suna da al'adu masu tsanani a lokacin. Sun ɗauka ɗaya daga cikin tagwaye ɗan aljani ne, tun da ba a san wanne ba sai a hallaka duka biyu, a kori uwar. Idan babban mutum ya mutu akan nemi wanda ya yi masa maita ta hanyar shayar da mutane wake mai guba. Barasa kuwa ta yi yawa. Mary ta gina ɗakin ƙasa, ta yanke gashinta, tana yawo ba takalmi. Gidanta ya zama mafakar jarirai da matan da aka kora. Ta yi sa'ar ƙawa, Ma Eme, 'yar'uwar sarkin Ekenge, wadda takan aiko mata da labari a asirce idan wani abu zai faru.

A 1892 Sir Claude MacDonald, babban wakilin gwamnatin Biritaniya a yankin, ya ba ta ikon shari'a a Okoyong, abin da ba a saba ba mace ba a zamanin. A 1905 kuma aka naɗa ta mataimakiyar shugaban kotun gargajiya ta Ikot Obong. Ba ta bukatar tafinta, ta kuma san al'ada. Takan zauna ana ta muhawara tun safe har yamma tana saƙa da allura a hannunta, sai kowa ya gaji ya faɗi nasa, sa'an nan ta yanke hukunci. Tana da zafin rai, har takan kai hannu ga wanda ya ƙi yin shiru a kotu.

Da yake ta san darajar sana'ar hannu, ta dage a kan cewa karatu kaɗai bai isa ba. Tana cikin waɗanda suka matsa har aka buɗe makarantar Hope Waddell a Kalaba a 1895, inda aka koyar da kafinta, da ɗinki, da ɗab'i, da sauran sana'o'i. Daga baya ta yi ta fafutukar a kafa wa mata wurin da za su koyi aikin da zai riƙe su, domin ta gani a wurin uwarta cewa macen da ke da sana'a ba ta rasa inda za ta dafa ko da namiji ya gaza.

Abin da tarihi ya tabbatar

Littattafan makaranta sukan nuna kamar ita kaɗai ta hana kashe tagwaye. Masana tarihi sun gyara wannan magana. Sarki Eyo Honesty na Biyu ya hana al'adar a Creek Town tun farkon shekarun 1850, Mary tana ƙaramar yarinya a Aberdeen. A 1878 sarakunan Duke Town sun sa hannu a yarjejeniyar hana ta tare da wakilin Biritaniya David Hopkins. Al'adar kuma ba ta dukan Nijeriya ba ce: Hausawa suna murna da Hassan da Husaini, Yarbawa ma suna girmama tagwaye. Har ila yau kujerar da ta zauna a kai kujerar mulkin mallaka ce, aikinta ya kuma faɗaɗa zuwa Itu da Use ne bayan sojan Ingila sun ci Arochukwu a yaƙin 1901 zuwa 1902. Rabonta na gaskiya shi ne ta kai dokar da ke kan takarda zuwa ƙauyukan da ba ta isa ba, ta ɗauki yaran da hannunta, ta rene su a ɗakinta har suka girma.

Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka cinye ƙarfinta, har sai da aka riƙa tura ta a keke. A 1913 aka ba ta lambar girma ta St John. Ran 13 ga Janairu 1915 ta rasu a Use Ikot Oku, shekara guda bayan Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, 'ya'yan da ta rena suna kewaye da ita, har da Janie, jaririyar nan ta 1883. Aka ɗauki gawarta ta kogi zuwa Duke Town aka binne ta. A ƙarshen shekarun 1990 bankin Clydesdale na Sikotlan ya buga hotonta a takardar kuɗi ta fam 10, a Kalaba kuma akwai mutum-mutuminta riƙe da tagwaye.

Abin da ya sami masu saƙar Sikotlan ya sami na Zamfara, sai dai a makare. Yadin Turawa ya danne saƙar hannu, jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920 yana kwashe auduga, a shekarun 1960 aka kafa masaƙar zamani a garin, daga baya ita ma ta durƙushe tare da na Kaduna da Kano. Duk lokacin da sana'a ta mutu, cikin gida ake fara ji, yara ne kuma ke fara biya, domin su ake ɗora wa talla da aikin ƙarfi. Nijeriya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba 1976, shekara ɗari cif bayan saukar Mary a Kalaba, a 2004 kuma aka kafa dokar da ta wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro. Dokar Biritaniya ta 1844 awa uku kawai ta tanadar, amma akwai sufeto da yake zuwa ya duba, akwai kuma uwar da ta tabbata 'yarta ta shiga aji. Waɗannan biyu su suka fitar da 'yar mashayi daga ɗaki guda a Dundee har ta zauna kujerar shari'a a bakin kogin Kuros.